ƘURAR FASA DUTSE: NONO BA YA WANKE HUHU

Maigida, an gama girbi, samari sun koma fasa dutse da lodin tsakuwa a tifa. Ka kuwa san abin da ɗanka yake shaƙa?

Ƙurar dutse tana ɗauke da sinadarin silika. In ya shige can cikin huhu sai ya bar tabo, a hankali numfashi ya riƙa yin wuya. Tabon nan ba ya warkewa, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin tibi.

Wasu suna cewa a sha nono bayan aiki. To, nono ciki yake tafiya, ba huhu ba. Zuma ma maƙogwaro take sanyayawa, ba ta goge tabo.

Ga abin yi:

• A yayyafa wa dutse ruwa yayin fasawa.
• A sa takunkumi N95. Rawani ba ya tare ƙananan ƙura.
• Kar a kakkaɓe kayan aiki kusa da yara.
• In tari ya kai mako 2, a je Babban Asibitin Bichi ko na Dambatta. Maganin tibi kyauta ne.

Lafiya amana ce. Allah Ya tsare mu. A tura wa 'yan'uwa.