Nazarin Littattafan Soyayya da Abin da Yake Koya wa Masu Aikin Yaƙi da Jahilci

1. Gabatarwa

Tun da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a ƙasar Nijar cikin 1963, akwai wata matsala guda wadda ta daɗe tana damun masu tsara karatun manya. Mutum yakan shiga aji, ya koyi baƙi da wasali, ya iya haɗa su, a ba shi takardar shaida, sa'an nan ya koma gida. Bayan ƴan shekaru, in aka miƙa masa takarda, sai a tarar karatun ya gudu, domin bai sami abin karantawa wanda ransa yake so ba. Ƙasidun noman gyaɗa da na tsabtar rijiya suna da amfani, amma ba safai mutum yakan kwana a kansu ba.

A ƙetaren iyaka kuwa, daga wajen tsakiyar shekarun 1980, an sami wasu ƙananan littattafai na Hausa waɗanda ba hukuma ta buga su ba, ba kuma malami ya tilasta wa kowa karanta su ba, amma ƴanmata da matan aure da samari suka riƙa saye da kuɗinsu, suna aron juna. Su ne ake kira littattafan soyayya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda masana suka yi nazarin irin wannan adabi, a ƙasashen Turawa da ƙasar Hausa, da kuma abin da masu binciken harshe da masu tsara karatun manya za su iya tsinta a ciki.

2. Yadda nazarin ya faro a ƙasashen Turawa

Labarin soyayya na kasuwa tsohuwar sana'a ce a Turai da Amurka. An kafa kamfanin Mills & Boon a Ingila cikin 1908, na Harlequin kuma a Kanada cikin 1949, har na biyun ya saye na farkon a 1971. A Faransa, mujallar Nous Deux, wadda ta fara fitowa a 1947, ta yi suna wajen ba da labarin soyayya da hotuna. Duk da yawan masu karatu, jami'o'i sun daɗe ba su ɗauki waɗannan littattafai a bakin komi ba. Wanda ya tanka musu ma, don ya kushe su ne: wasu suka ce labari ɗaya ne ake ta maimaitawa, wasu suka ce mafarki ne ake sayar wa mata don su haƙura da halin da suke ciki.

Al'amarin ya sake a farkon shekarun 1980. A 1982 Tania Modleski ta fitar da littafi inda ta nuna cewa a ƙarƙashin daɗin labarin akwai fushi da tsoro na gaske waɗanda mata suke fama da su a zaman aure. A 1984 kuma Janice Radway ta fitar da nata, mai suna Reading the Romance, wanda ya zama ginshiƙin fannin. Abin da ya bambanta aikinta shi ne hanyar da ta bi. Ta tafi wani gari na Amurka da ta sakaya sunansa, ta sami wata mai sayar da littattafai, ta hanyarta kuma ta kai ga mata 42 masu karatu, ta yi musu tambayoyi a rubuce, ta zauna da wasunsu aka yi hira. Ta gano abu biyu. Na ɗaya, matan ba su karɓar kowane littafi ido rufe. Suna da ma'auninsu na mai kyau da marar kyau, kuma sukan yar da wanda namijin cikinsa ya cika mugunta. Na biyu, ɗaukar littafin kansa yana da ma'ana, domin shi ne lokacin da mace take janye jikinta daga hidimar miji da ƴaƴa ta keɓe wa kanta sa'a guda.

Daga baya wasu suka koma ga ƙirar labarin. A 2003 Pamela Regis ta lissafa abubuwa takwas da ba a rasa su a cikinsa, daga haɗuwar masoya, da shingen da ya raba su, da lokacin da aka fid da rai, har zuwa alkawarin aure. A 2009 aka kafa ƙungiyar masu wannan nazari ta ƙasa da ƙasa, a 2010 kuma mujallarta ta fara fitowa. Ke nan cikin shekara talatin abin da ake rainawa ya zama fanni mai zaman kansa.

3. Asalin littattafan soyayya na Hausa

Soyayya ba baƙuwa ba ce a ƙagaggun labaran Hausa. Cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin, kuma tushen labarinsa shi ne yadda mai dukiya ya ƙwace wa saurayi budurwarsa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin wata ƴar Fulani da ta kafe a kan wanda take so duk da ƙin danginta.

Amma yawaitar littattafan ta zo ne daga haɗuwar abubuwa uku. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa da Najeriya ta soma a 1976 ya yaye ɗimbin yara, har da ƴanmata, masu iya karanta Hausar boko. Karyewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta sa manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Ƙananan maɗaba'u kuma suka yawaita a Kano da Kaduna da Zariya. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a takarda mai araha, suna raba labari kashi biyu ko uku don cinikin na farko ya biya bugun na biyu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya game ƙasar Hausa, Bilkisu Ahmed Funtuwa kuma ta yi suna da Allura Cikin Ruwa. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi, irin su Raina Kama, don taimakon juna wajen bugu da rarrabawa. Ta hanyar fatake littattafan suka ƙetaro har kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

4. Muhawarar masana

Kamar yadda aka yi a Turai, hukunci ne ya riga bincike. Ibrahim Malumfashi, wanda yake cikin masu suka na farko, shi ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta littattafan da ƴan ƙasidun kasuwar Onica waɗanda Emmanuel Obiechina ya yi nazarinsu a 1973. A ganinsa abu ne na yayi, mai raunin harshe, mai aro daga finafinan Indiya, wanda ba zai daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka mai da martani cewa littattafan hoton sauyin zamani ne, kuma sun jawo wa Hausa masu karatun da ba ta taɓa samu ba. An shafe shekarun 1990 ana wannan ja-in-ja a shafukan jaridu, musamman New Nigerian. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa: rauni a rubutun ba ɓoyayye ba ne, yawan masu karatun ma haka.

Bincike mai zurfi ya biyo baya ta fuska uku. Ta fuskar al'ada, Brian Larkin ya nuna a 1997 cewa abin da ya ja Bahaushe ga fim ɗin Indiya shi ne ya ga mutane masu kunya da girmama iyaye suna kokawa da auren dole kamar yadda yake yi, watau wata hanyar shiga zamani wadda ba ta Turawa ba. Marubuta kuma suka ɗauki wannan rikici suka sa masa rigar gida. Ta fuskar matsayin mata, Novian Whitsitt ya nuna a 2002 yadda marubuta mata suke kafa hujja da Musulunci kansa wajen neman ilmin ƴa mace da ƙin auren tilas. Wa Zai Auri Jahila? misali ne: yarinya ce aka cire daga makaranta aka aurar ga tsoho, ta gudu, ta nemi ilmi, ta dawo da daraja. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, wanda Aliyu Kamal ya fassara da Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, labarin uwargida ne da miji ya kora da ƴaƴanta saboda amarya. Wannan ya nuna sunan soyayya bai rufe duk abin da ke ciki ba. Akwai kishi, da saki, da gado, da talauci. Ta fuskar adana tarihi kuma, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002, fiye da 700, a 2004.

Hukuma ma ta sa baki. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai, bisa zargin ɓata tarbiyya. Daga shekarun 2010 cinikin bugaggun littattafai ya ja baya, labaran suka koma wayar hannu, ana karanta su a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana kuma sauraron su a gidajen rediyo.

A Nijar, aikin da ya fi kusa da wannan fanni shi ne na Adeline Masquelier, wadda ta bayyana a 2009 yadda matasan Dogon Dutsi suke kallon wani wasan talabijin na ƙasar Meziko mai suna Rubí, suna ɗaukarsa darasi a kan so da kuɗi da aure. Sakamakonta ya yi daidai da na Radway: mai kallo ko mai karatu yana auna labari da rayuwarsa, yana zaɓen abin ɗauka.

5. Gurbin da ya rage wa masu ilmin harshe

Yawancin ayyukan da aka ambata sun dubi jigo da al'ada. Harshen littattafan kansa yana buƙatar a dube shi da ma'aunin ilmin harshe, kuma aƙalla ta wuri uku.

Na farko shi ne ƙa'idar rubutu. Da yake ba su bi ta hannun mai gyara ba, littattafan suna nuna yadda talaka yake rubuta Hausa in an bar shi da kansa. Sau da yawa ana zubar da ƙugiyar haruffa, har baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Ana haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba, kamar yace a maimakon ya ce, da shine a maimakon shi ne. In aka ƙidaya waɗannan kurakurai aka rarraba su, za a san ƙa'idojin da suka zauna a hannun jama'a da waɗanda ba su zauna ba, tun daga taron Bamako na 1966 zuwa yau. Wannan ya fi zato amfani ga mai rubuta littafin koyarwa.

Na biyu shi ne karin harshe. Littattafan da Kananci aka rubuta mafi yawansu. Ba'adare ko Bagobiri mai cewa shina da sunka da ɗiya zai tarar da yana da suka da ƴa. Haka kuma inda Najeriya take rubuta 'y, Nijar ƴ take rubutawa. Ya kamata a gwada a gani ko waɗannan bambance-bambance suna tsai da sabon mai karatu, ko kuwa daɗin labari yana ɗauke shi ya wuce su.

Na uku shi ne kalmomin aro. Marubucin Kano daga Ingilishi yake aro, alhali mai karatu na Tawa daga Faransanci ya saba ji. Wancan ya ce makarantar firamare, wannan ya ce lakwal. Ana kuma iya bin sawun kalmomin so da na kunya, a ga wanda aka gada daga waƙoƙin gargajiya, da wanda ya shigo daga Larabci, da wanda aka ƙirƙira don faɗin abin da a dā ba a faɗa a fili.

6. Kammalawa

Abin da tarihin wannan fanni ya nuna, daga Amurka har Kano, shi ne duk lokacin da masana suka yanke hukunci kafin su tambayi mai karatu, sun yi kuskuren fahimtarsa. Ga masu tsara karatun manya, da masu kula da makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, shawarwari uku ne suka fito. A tattara littattafan da suka rage a kasuwanni da ɗakunan mata a adana su, domin takardarsu ba ta jure zamani. A yi bincike irin na Radway a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, a san wa yake karantawa, da wane lokaci, a takarda ko a waya, da kuma abin da yake sa ya ajiye labari bai ƙare ba. Sa'an nan a ƙarfafa wa marubutan gida su rubuta labarai da Hausar da ake ji a nan, a taimake su da masu gyaran rubutu, ba tare da an mai da labarin wa'azi ba. Wanda aka koya wa karatu, in ya sami labarin da yake ƙosawa ya ji ƙarshensa, shi da kansa zai riƙe karatun.