Yarinyar Da Ta Tsere Wa Samari

'Yan'uwa iyaye da malaman makarantar Lahadi, yau muna so mu duba wani littafin yara mai suna Bridge to Terabithia, wato gadar zuwa Terabithia. Katherine Paterson ce ta rubuta shi, ya fito a Amurka a 1977, ya kuma ci lambar yabo ta Newbery a 1978. An haife ta a ƙasar Sin a 1932, iyayenta 'yan mishan ne. Ta rubuta labarin bayan tsawa ta kashe ƙawar ɗanta a 1974.

Jess ɗan shekara 10 ne, shi kaɗai namiji cikin 'ya'ya biyar na wani talaka a karkarar jihar Virginia. Kullum da asuba yakan yi gudu a makiyaya don ya zama gwanin tsere na ajinsu. Ranar tseren kuwa, sai baƙuwar yarinya mai suna Leslie ta shiga cikin samarin, ta bar su duka a baya. Kunya ta kama su, ba a daɗe ba suka watsar da wasan.

Jess ma yana da nasa asirin, wato zane. Tun ranar da ya gaya wa mahaifinsa yana so ya zama mai zane, uban ya husata don yana ganin ba aikin maza ba ne, sai yaron ya riƙa ɓoye takardunsa ƙarƙashin katifa. Leslie ce ta daraja baiwarsa, har ta ba shi fenti da takardar zane da Kirsimeti.

Su biyun sukan yi lilo da igiya su haye rafi zuwa cikin kurmi, inda suka ƙago mulkinsu na wasa, Terabithia. A can yaro mai tsoro ya fara koyon ƙarfin hali. Da Ista ya kai ta sujada, ita da ba ta saba zuwa ba, labarin Yesu kuwa ya ratsa ta fiye da waɗanda suka tashi cikinsa.

Wata rana Jess ba ya nan, igiyar ta tsinke, Leslie ta faɗa rafin ta mutu. A cikin makokin nan ne uban ya ɗauki ɗansa kamar jariri, ya ta'azantar da shi. Daga baya Jess ya gina gada da katako, ya haye da ƙanwarsa May Belle, ya naɗa ta sarauniya.

Abin da ya dame mu shi ne, sai da aka yi mutuwa kafin uban ya kusanci ɗansa. Sau nawa muke cewa wannan ba na mata ba ne, wancan ba na maza ba, mu binne talantin da Ubangiji ya ba yaro? Mu tambayi 'ya'yanmu yau abin da suke ɓoyewa ƙarƙashin katifa, tun suna tare da mu. Allah ya ba mu hikima. Amin.