Kafin Ka Sa Zarto, Bi Ruwan Ka Ga Inda Ya Nufa

Sanin kowa ne cewa matasanmu da dama na Nima da Mamobi da Sabon Zango suna neman abincinsu a manyan gidajen East Legon da Cantonments, wasu gadi, wasu aikin lambu. A irin waɗannan gidaje akan sami tafkin ninkaya, kuma sau da yawa maigida kan miƙa wa yaronmu makullin ɗakin inji ya ce ya riƙa kula da shi, alhali ba wanda ya taɓa nuna masa aikin ko da bututu ɗaya. Ran da inji ya ƙone kuwa, shi za a ɗora wa laifi, a yanke albashinsa ko ma a sallame shi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace a wannan wata mu ɗan yi bayani.

Wanda ya fara shiga ɗakin zai ga bututai birjik, amma hanyar ruwan guda ɗaya ce. Ruwa na barin tafki ta kafa biyu: bakin da ke gefen bango daidai saman ruwa, mai kwashe ganye da ƙura, da magudanar da ke can ƙasan tafki. Daga nan ya shiga inji, inji ya tura shi cikin tukunyar yashi inda ake tace shi, sannan ya koma tafki ta ƙananan kafofin bango. Saboda haka kowane bututu, ko dai na ɓangaren tsotsa ne ko na ɓangaren turawa. Wanda ya shiga inji ta gaba, wajen kwandon nan mai murfi garai-garai, na tsotsa ne. Wanda ya fito ta saman inji, da duk abin da ya biyo bayansa, na turawa ne.

Idan bututun tsotsa sun kai biyu ko uku, ga yadda ake rarrabe su. A bar inji yana aiki, a rufe bawul ɗaya kawai, a je bakin tafki a duba wace kafa ce ta daina jan ruwa. A buɗe shi, sannan a gwada na gaba. Kada a kuskura a rufe su duka lokaci guda, domin kuwa injin da ya yi gudu ba ruwa yakan yi zafi har robar da ke tare ruwa a cikinsa ta lalace. Duk wanda aka gane, a sa fenti a rubuta sunansa a jikinsa, da kibiya mai nuna inda ruwa ya nufa.

Sanin ɓangarorin nan biyu shi ke nuna inda ɓaraka take. In ana ganin kumfar iska a ƙarƙashin murfin inji, to ɓangaren tsotsa ne ke shan iska, kuma galibi zoben robar murfin ne ya bushe, ko ruwan tafki ya sauka ƙasa da bakin bango. In kuwa ruwa ke ɗiga yayin da inji ke aiki, a nemi matsalar a ɓangaren turawa. Haka nan duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, a leƙa a tabbata kwando ya cika da ruwa.

A kan tukunyar yashi, ko a gefenta, akwai bawul mai hannu wanda yawanci ke da matsayi 6: tacewa, wanke yashi, ɗauraya, zubarwa waje, zagayawa ba tacewa, da rufewa. Ba a juya shi sai an kashe inji. Akwai kuma agogon matsi. A rubuta lambar da yake nunawa ran da yashi ke da tsabta. In ta ƙaru da kamar rabin bar, lokacin wanke yashi ya yi. Da hunturu, sa'ad da hazo ke sauka, hakan kan zo da wuri.

To, in ya zama dole a sauya wani abu fa? Da farko a kashe wuta daga babban makunni, a rufe bawul ɗin da ke zuwa daga tafki, a saki iskar da ta taru a tukunya, domin murfin da ke da matsi a bayansa yana iya tashi ya ji wa mutum mummunan rauni. Na biyu, a karanta rubutun jikin tsohon bututu kafin a tafi kasuwa. Ma'auni iri biyu ne: bututun inci ɗaya da rabi faɗinsa milimita 48.3 ne, ɗan'uwansa kuwa milimita 50. Na inci 2 milimita 60.3 ne, ɗan'uwansa 63. A ido kamar ɗaya suke, amma gam ba ya cike wannan giɓi. Kuma a sayi bututu mai ɗaukar matsi, irin mai alamar PN10 ko PN16. Siririn bututun ruwan wanke-wanke ya fi sauƙin kuɗi, sai dai araha ba ta ado.

Na uku, a jera komai ba gam a ga ya zauna daidai, a sa mahaɗi mai warwarewa gaba da bayan inji yadda gobe za a cire shi ba tare da zarto ba, a kuma rage yawan kwana, don kowace kwana tana rage ƙarfin ruwa. Kwalbar zuba kulorin ita ce ta ƙarshe a layi, dab da komawar ruwa tafki, kuma ba a haɗa kulorin iri biyu a cikinta, don suna iya fashewa. Bayan an sa gam, a ba shi kwana guda kafin a kunna inji.

Akwai wurin da muke roƙon kowa ya kiyaye ƙwarai, wato magudanar ƙasa. A shekarar 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan da tsotson magudana ya riƙe ta a ƙarƙashin ruwa. Dalilin haka Amurka ta kafa doka a 2007 wadda ta tilasta sa murfi na musamman a tafkunan jama'a. Don haka in tafki na da magudana biyu, kada a toshe ɗaya. In murfin ya fashe ko ya ɓace, a kashe inji, kada a bar kowa ya shiga sai an sauya shi.

Abin da ya shafi wayar lantarki ko bututun da ke binne ƙarƙashin siminti, a gaya wa maigida ya kira masu aikin, ba abin kunya ba ne. In sun zo, a tsaya kusa a kalla a yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Yaron da ya iya ɗakin inji ya riƙe sana'ar da otal-otal ma ke nema. Allah ya ba mu sa'a, amin.