BABI NA UKU: TSARA GIDAJEN ƊALIBAN MANYAN DIGIRI A FILI MAI ITATUWA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar gini mai ɗorewa, wato ginin da zai biya buƙatar mutanen yau ba tare da ya tauye haƙƙin waɗanda za su zo nan gaba ba. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba yadda ake aiwatar da wannan manufa a aikace, musamman idan filin da za a yi ginin a cikinsa cike yake da manyan itatuwa. Domin a sami abin kafa hujja, an ɗauki unguwar ɗalibai ta Lakeside da ke Jami'ar Princeton, a jihar New Jersey ta ƙasar Amurka, a matsayin misali. Za a fara da taƙaitaccen tarihin wurin, sannan a dubi buƙatun mazauna, da kare itatuwa, da sarrafa ruwan sama, da makamashi, kana a naɗe da matsalolin da ke tattare da irin wannan aiki.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Wurin

An kafa Jami'ar Princeton a shekarar 1746, ke nan tana cikin tsofaffin jami'o'in Amurka. A shekarar 1913 ne ta buɗe mazauninta na ɗaliban manyan digiri, wanda Ralph Adams Cram ya zana da duwatsu bisa salon tsofaffin kwalejojin Ingila. An tsara wannan mazauni ne domin ɗalibai maza marasa iyali, masu kwana a ɗakuna, su kuma ci abinci tare a babban zaure guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amura suka sauya, domin tsofaffin sojoji sun dawo karatu, da yawansu kuma da mata da 'ya'ya. Wannan ne ya sa aka kakkafa gidajen katako masu kama da barikin soja a unguwar Butler a matsayin na wucin gadi, amma sai da aka shafe kusan shekara 70 ana zaune a cikinsu.

A kudancin jami'ar akwai tafkin Carnegie, wanda aka samar a shekarar 1906 ta hanyar datse kogin Millstone, da kuɗin attajirin nan Andrew Carnegie, domin ɗalibai su sami wurin tseren kwalekwale. A gefen wannan tafki ne aka gina benaye biyu masu hawa takwas-takwas, Hibben da Magie, a cikin shekarun 1960. Da waɗannan benaye suka tsufa, sai jami'ar ta yanke shawarar rushe su, ta gina sabuwar unguwa a gurbinsu. Kamfanin zanen gine-gine na Studio Ma, wanda ke birnin Phoenix a jihar Arizona, shi ne ya zana unguwar. An buɗe ta a shekarar 2015, tana da gidaje 329 da za su ɗauki mutum 715, a fili mai faɗin kimanin eka 13.

3.2 Buƙatun Ɗalibin Babban Digiri

Kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, wajibi ne mai zanen gini ya san wanda zai zauna a gidan. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya bambanta da ɗalibin digiri na farko ta fuskoki da dama. Da farko, ya fi shi shekaru, kuma sau da yawa yana da aure, wani ma da 'ya'ya. Na biyu, ba ya barin makaranta idan an yi hutu, domin bincikensa ba ya tsayawa, don haka gidan zai yi aiki wata goma sha biyu cur, a zafi da sanyi. Na uku, karatun digiri na uku a Amurka yakan ɗauki shekara biyar ko fiye, saboda haka wurin gida ne sosai, ba masauki ba. Na huɗu, abin da yake samu ɗan alawus ne, ke nan ba zai iya biyan haya mai tsada ba.

Idan aka yi la'akari da waɗannan, za a ga dalilin da ya sa ba a yi dogon gini guda mai ɗakuna a jere ba a Lakeside. An gauraya iri biyu ne: akwai benaye masu sassa-sassa, akwai kuma gidaje masu manne da juna waɗanda kowane yake da ƙofarsa ta waje, sun kuma kama daga mai ɗakin kwana ɗaya har zuwa mai huɗu. Haka kuma an gina zauren taruwa na kowa da kowa, mai wurin motsa jiki da wurin zama da ɗakin wasan yara. Amfanin wannan zaure shi ne rage kaɗaici, wanda yake damun mai bincike da kan wuni shi kaɗai da littattafansa.

3.3 Zaɓen Gurbin Gini da Kare Itatuwa

Babbar ƙa'ida a fili mai itatuwa ita ce a yi gini a inda aka riga aka taɓa, a bar inda ba a taɓa ba. Itacen da ya shekara ɗari ana iya sare shi cikin awa guda, amma ba a iya mayar da shi sai bayan wata shekara ɗari. Shi ya sa sake amfani da gurbin tsofaffin benaye da wuraren ajiye motocinsu ya fi buɗe sabon daji alheri, domin hanya da bututun ruwa da layin lantarki duk sun riga sun iso wurin.

Sai dai barin itace a tsaye ba shi ne ceton sa ba. Mutane da yawa suna zaton saiwar itace tana nutsawa ne ƙasa sosai, alhali mafi yawan saiwoyin suna bazuwa ne a gefe, a cikin santimita 60 na saman ƙasa, inda iska da danshi suke, kuma sukan wuce iyakar inuwar rassan. Idan katafila ko motar yashi ta yi ta bi ta kansu, ƙasar za ta danne, iska ta kasa shiga, saiwoyin su shaƙe. Haka nan idan aka haƙa ramin bututu kusa da gindin, ko aka jibge ƙasa a kansa, ko aka wanke injin kwaɓa siminti a wurin. Abin takaicin shi ne itacen ba ya mutuwa nan take. Yakan ɗauki wasu shekaru yana bushewa daga sama, lokacin ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa ya tafi.

Domin kauce wa wannan, ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5837 ta shekarar 2012 ta ba da hanyar lissafi mai sauƙi. Ana auna kaurin jikin itacen daga gefe zuwa gefe a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, sai a ninka shi sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a bari daga gindin ta kowane ɓangare. Misali, itace mai kaurin santimita 50 yana buƙatar mita 6 ta kowace fuska, wato fili mai kimanin murabba'in mita 113. Ana kewaye wannan fili da shinge mai ƙarfi tun kafin mota ta farko ta shigo, ba a kuma cire shi sai an gama aiki. Daga nan za a fahimci cewa a irin wannan fili itatuwa ne suke nuna wa gini inda zai zauna. Wannan ne ya sa ƙananan gine-gine da ake iya jujjuya su a tsakanin itatuwa sukan fi dacewa da ƙaton gini guda mai buƙatar shararren fili.

3.4 Rana, Inuwa da Tagogi

Garin Princeton yana kusa da layi na 40 a arewacin duniya, don haka yana da hunturu mai dusar ƙanƙara da kuma bazara mai zafi da gumi. A irin wannan wuri rana takan karkata kudu, ta yi ƙasa-ƙasa a lokacin sanyi, ta kuma hau sama a lokacin zafi. Yawancin itatuwan yankin masu kaɗe ganye ne a kaka. Wannan ɗabi'a tasu tana da amfani ga mai gini, domin itacen da ke kudu ko yamma da gida zai tare rana a lokacin zafi, idan kuma sanyi ya zo ganyen ya zube, hasken rana zai ratsa rassan ya ɗumama ɗakin.

Duk da haka akwai abin lura. Inuwar da ke sanyaya gida ita ce kuma take rage hasken ɗaki, take kuma hana faifan sola aiki sosai a kan rufi. Bugu da ƙari, manyan tagogin gilashi a gefen daji suna nuna hoton itatuwa kamar madubi, tsuntsaye su zaci sarari ne su yi karo da su su mutu. Ana rage wannan ta hanyar amfani da gilashi mai ɗigo-ɗigo ko zane, da kuma taƙaita fitilun waje da dare.

3.5 Sarrafa Ruwan Sama

Ƙasar daji kamar soso take. Ganye yana tare ruwan sama, busasshen ganyen da ke ƙasa yana riƙe shi, sannan ya tsotse a hankali. Da zarar an rufe ƙasa da kwano da kwalta da kankare, sai ruwan ya riƙa gudu gaba ɗaya, yana kwasar man mota da gishirin da ake watsawa a titi domin narkar da ƙanƙara, yana zaizaye gangare. A fili irin na Lakeside, duk abin da ya gangara tafkin Carnegie yake nufa, daga nan kuma ya shiga kogin Millstone.

Hanyoyin da ake bi wajen magance wannan sun haɗa da rage faɗin wurin da aka rufe, da haƙa ƙananan kwaruruka masu shuke-shuke inda ruwan indararo zai taru ya nutse, da shimfiɗa daɓe mai ƙofofin da ruwa zai bi. A nan ne batun mota yake shigowa, domin filin ajiye motoci yakan ci ƙasa fiye da gidajen kansu. A Lakeside an tara motoci a gareji mai hawa-hawa, an kuma haɗa unguwar da cikin jami'a ta hanyar ƙafa da keke da motar safa ta jami'ar. Ke nan filin da motoci za su mamaye ya zama na ciyawa da itatuwa.

3.6 Makamashi

Ɗumama ɗaki da sanyaya shi su ne suka fi cin makamashi a gidajen wannan yanki. A Lakeside an yi amfani da zafin ƙarƙashin ƙasa. Asalin dabarar shi ne, idan aka nutsa 'yan mitoci a ƙasa, yanayin wurin ba ya sauyawa sosai duk shekara, kamar dai yadda ruwan rijiya yake da sanyi a bazara, ya kuma yi ɗumi a hunturu. Sai a haƙa ramuka masu zurfi irin na burtsatse, a zura bututu a ciki, ruwa ya riƙa kewayawa. A lokacin sanyi wani inji yana jawo ɗumin ƙasar zuwa ɗakuna, a lokacin zafi kuma ya kwashe zafin ɗakunan ya mayar ƙasa. Tun da injin ɗauko zafi yake yi, ba ƙirƙirar sa ba, yakan ba da ninki uku zuwa huɗu na lantarkin da ya ci.

Unguwar ta sami shaidar LEED. Wannan shaida wata ƙungiyar gine-gine ce ta Amurka, wadda aka kafa a shekarar 1993, take bayar da ita bisa maki: 40 zuwa 49 matakin farko, 50 zuwa 59 azurfa, 60 zuwa 79 zinariya, 80 zuwa sama kuma matakin ƙoli. Jami'ar ta ƙudura niyyar kawar da gudummawarta ga gurɓatar iska da hayaƙin kabon nan da shekarar 2046, lokacin da za ta cika shekara 300. A shekarar 2024 ta buɗe wata sabuwar unguwar ɗaliban manyan digiri mai suna Meadows a ƙetaren tafkin, mai gidaje 379, wadda aka gina bisa ƙa'idar nan ta Jamus ta toshe duk wata kafar da zafi zai tsere daga gini.

3.7 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ta kuɗi. Haƙa ramukan ƙasa da gina gareji mai hawa da kewaye itatuwa duk suna ƙara tsadar aiki tun farko, ribar kuwa sai a hankali take dawowa ta hanyar ragin kuɗin wuta. Idan aka ɗora wannan tsada a kan haya, ɗalibi zai koma neman gida mai araha a nesa, ya riƙa zuwa da mota kullum, manufar ɗorewa ta rushe ke nan. Matsala ta biyu ita ce ta rushe tsohon gini. Yin siminti yana cikin manyan hanyoyin fitar da hayaƙin kabon a duniya, don haka duk benen kankaren da aka rushe an yi asarar hayaƙin da aka riga aka fitar wajen gina shi, sai sabon ginin ya yi shekaru yana tsimi kafin ya biya wannan bashi. Matsala ta uku ita ce ta yawan mutane da yawan itatuwa. Gajerun gidaje sun fi daɗin zama ga mai iyali, amma sun fi cin fili, dogayen benaye kuwa suna barin fili amma suna raba yaro da wurin wasa. Ta huɗu ita ce kulawa bayan an tare, domin itacen da ke kusa da gida yana buƙatar sassabe da dubawa, magudanar rufi kuma takan toshe da ganye.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tsara gidajen ɗaliban manyan digiri a fili mai itatuwa yana farawa ne da sanin mazaunin da kuma sanin filin, kafin a zo ga zanen ginin. An ga yadda unguwar Lakeside ta sake amfani da gurbin tsofaffin benaye, ta gauraya nau'o'in gidaje, ta tara motoci wuri guda, ta kuma dogara da zafin ƙasa. An kuma nuna cewa kowane zaɓi yana da farashinsa, kuma shaidar da aka bai wa gini ranar buɗe shi ba ta isa hujja ba, sai an dubi kuɗin wutar da yake ci, da hayar da ɗalibi yake biya, da yawan itatuwan da suka rage da rai bayan shekaru. Babi na gaba zai dubi kayan gini, musamman bambancin da ke tsakanin katako da kankare ta fuskar tsada da ƙarko da kuma illa ga muhalli.