Kasuwa a Kano, Riba a Legas

Tun da aka ba da labari a watan Oktoban 2024 cewa kamfanin fasahar hada-hadar kuɗi na Moniepoint ya samu sabon jarin dala miliyan 110, darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya, ake ta maimaita tambaya ɗaya a gidajen rediyo da tarukan matasa a Arewa: mu me ya sa ba mu da irinsa? Amsar da aka fi ji ita ce yaranmu ba su iya kwamfuta ba, don haka gwamnati ta gina musu cibiya, ta raba musu na'urori. Wannan amsa ta kauce wa inda gizo yake saƙar, domin abin da ya raba Legas da Kano a wannan fage jari ne, da kuma halin masu riƙe da shi.

Yadda Legas ta kai inda take ba ɓoyayye ba ne. Hedkwatocin manyan bankuna a can suke, Interswitch ya fara haɗa su tun 2002, wayar intanet ta MainOne ta ƙarƙashin teku ta sauka a gaɓarta a 2010, cibiyar CcHub ta buɗe a Yaba, har Mark Zuckerberg ya ziyarce ta a 2016. Da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a 2020 kan kuɗin da aka ce sun haura dala miliyan 200, masu zuba jari na waje suka gane akwai abin ci. Sauran labarin kowa ya san shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wani babban ɓangare na gasar da ake bugawa tsakanin Moniepoint da OPay da PalmPay a kasuwanninmu ake buga ta. Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau zai ga saurayi ƙarƙashin lema, da benci da 'yar jakar kuɗi a ƙugu, gabansa na'urorin POS biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, idan wannan ta ƙi ya ɗauko waccan. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da manhajojin manyan bankuna suka yi ta cijewa, shi ya tura har mai shayi da mai kayan miya karɓar kuɗi ta waya. A kowane ciniki akwai ɗan ladan da yake tafiya ga kamfanin, kuma kowane ciniki yana barin bayani: wa ya saya, nawa, yaushe. Da wannan bayani ake gane wanda ya cancanci bashi. OPay ya samo asali daga kamfanin Opera mai jarin 'yan Sin, PalmPay kuwa yana da alaƙa da Transsion, masu wayoyin Tecno da Itel. Mu muke kawo cinikin, hannun jarin yana wani wuri.

Abin takaicin shi ne ƙasar Hausa ta daɗe da sanin yadda ake ɗora kuɗi a kan mutum da basirarsa. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja da jarin iyayen gidansu suke tafiya, ba jingina, ba takardar fili, sai amana da yarjejeniyar raba riba in an dawo. A Salaga da Kumasi akwai fatoma, mai masaukin da yake ajiye kayan baƙo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke so a noma saboda masaƙunsu na Ingila, amma attajiran Kano suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi, suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi suna ba manoma kafin kaka. Zaɓin nan nasu ne ya haifar da dalar gyaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, a wannan sabuwar harka ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Waɗannan mutane sun ga sabon abu, sun saka dukiyarsu a ciki tun ba a tabbatar zai yi ba. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ma ya tanadi babin mudaraba da musharaka, inda mai kuɗi da mai aiki suke tarayya a riba, asara kuma ta hau kan jarin. Tsarin da masu zuba jari na Kalifoniya suke bi ke nan a zahiri, su sayi kaso a ƙaramin kamfani, babu ruwa a ciki. Yau kuwa attajirinmu in ya samu rara, sai gidan mai na biyar, ko wani dogon bene na shaguna da rabinsu a kulle.

Za a ce ai kuɗin Legas ma daga waje suka zo. Gaskiya ne ga manyan kuɗin, amma baƙo ba ya zuba miliyoyin daloli sai ya ga kamfani yana tafiya, kuma ɗan abin da ake tayar da shi a shekarar farko kusan kullum daga na gida yake fitowa. Za a ce yawancin sababbin kamfanoni mutuwa suke yi. Haka ne, shi ya sa ake rarraba jarin a wurare da yawa, kamar yadda ayari bai taɓa ɗora duk kayansa a kan jaki ɗaya ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta wuta da tsaro. Jihar da aka rufe wa layukan waya gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, ba za a zargi mai jari don ya guje ta ba. Sai dai Kano da Kaduna da Zariya ba haka suke ba, kuma Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna yaye masu rubuta manhaja duk shekara, waɗanda da yawansu ke ƙarewa a Legas ko Abuja, ko su zauna a ɗaki suna yi wa kamfanonin waje aiki.

Gwamnoni su daina ɗaukar yanke kyallen buɗe cibiya a matsayin an gama aiki. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi asusun jarin farawa, ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tambayar nawa ya shigo Arewa daga ciki. Jihohi su sauƙaƙa kuɗin izinin binne wayar intanet. Amma babban nauyin yana kan ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Dillalin hatsi a Dawanau har yanzu a littafi yake rubuta bashin buhunan da aka loda zuwa Maraɗi, kuma akwai matasa a Kano da za su iya gina masa manhaja da Hausa wadda za ta riƙe wannan lissafi, ta haɗa shi da direba da mai sito. Attajirai goma na kasuwar, kowa ya ajiye kuɗin tirela ɗaya ta masara bisa yarjejeniyar musharaka a rubuce, sun isa su riƙe irin wannan kamfani har ya tsaya da ƙafarsa.