Asalin Sunan Smith

Ya kai mai karatu, in ka taɓa jin an kira wani Bature Smith, ka sani ba sunan da aka raɗa masa ba ne, sunan gidansu ne, wanda ya gada wurin ubansa. Ma'anarsa kuwa da tsohon Ingilishi ita ce maƙeri.

A zamanin dā mutanen Ingila suna guda kowa ke da shi. Bayan da Wiliyam sarkin Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi a shekara ta 1066, sai manyan mutane suka fara ɗaukar sunan gida, talakawa kuma suka bi sawu a hankali. Ga dalili. A ƙauye guda sai ka iske John biyar, to, yaya mai karɓar haraji zai bambanta su? Sai aka riƙa laƙaba wa kowa wani abu. Wani aka kira shi da ubansa, kamar Johnson, wato ɗan John. Wani da mazauninsa, kamar Hill, mai gida a kan tudu. Wani kuwa da sana'arsa. Kafin shekara ta 1400 yawancin gidaje sun riƙe nasu, ɗa yana gadon na uba.

To, ba ƙauyen da zai zauna ba maƙeri. Shi ke ƙera bakin garma da ƙusa da takobi, shi ke sa wa doki takalmin ƙarfe. Don haka Smith ya fi kowane sunan gida yawa a Ingila da Amurka. Jamusawa ma suna da nasu, Schmidt, Faransawa kuwa Lefèvre, duk maƙeri ke nan.

Amma kada ka yi kuskure biyu. Na farko, kada ka ce duk masu sunan nan dangin juna ne, gama maƙeran dā gari-gari suke, ba kaka ɗaya suka haɗa ba. Na biyu, kada ka zaci mai sunan ya iya ƙira. Adam Smith, masanin sha'anin dukiya da aka haifa a 1723, ubansa ma'aikacin kwastan ne. Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, malamin tarihi ne. Sunan ya zama gado, sana'a kuwa kowa da tasa.