Gidan Haya da Kuɗin Wasu: Wa Ke Ɗaukar Asara?

Ba kasafai mutum guda ke iya sayen gidan haya da aljihunsa kaɗai ba. Saboda haka yakan nemi masu hali su zuba jari. To, kafin a karɓi ko kwabo, akwai tambayar da ya wajaba a amsa a rubuce: shin mai ba da kuɗin nan rance ya bayar, ko kuwa abokin tarayya ne?

Bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauka gidan naira miliyan 20 ne, mai nema yana da miliyan 5, ya tara sauran 15 daga wasu. Hayar shekara miliyan 2 ce, amma gyaran rufi, haraji da watannin da ɗakuna suka zauna ba kowa sun cinye dubu 500. Saura miliyan ɗaya da rabi. Wannan ita ce riba ta haƙiƙa, kuma a nan ne masu ɗoki suka fi yin tuntuɓe, domin sukan lissafa hayar ɗungurungum kamar rufi ba ya yoyo.

In tarayya aka ƙulla, mai nema yana da rubu'in ribar, in kuma asara ta zo a raba ta gwargwadon jarin kowa. Haka ƙa'idar musharaka take a fiƙihu. Amma in rance ne mai ruwan kashi 10 cikin 100, to miliyan ɗaya da rabin nan duka na masu rancen ne. Shi bai tsira da komai ba. Mafi muni, in darajar gidan ta faɗi da rubu'i, miliyan 5 ɗinsa sun salwanta, bashin kuwa yana nan daram.

Kada mai karatu ya zaci wannan zato ne kawai. Tsakanin 2006 da 2012 farashin gidaje a Amurka ya faɗi da kimanin rubu'i, miliyoyin mutane suka wayi gari bashinsu ya fi ƙarfin gidansu.

A can Amurka ɗin ne, tun 1960, doka ta ba da damar kafa asusun tarayya na gidaje da ake kira REIT. Sharaɗinsa a yau shi ne masu hannun jari su kai aƙalla 100, kuma a raba musu aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da ake ɗora wa haraji kowace shekara.